Kaset ɗin Inna a Gidan Masu Saurare

Tun kafin mu kai Arlit na fara jin haushin jakar nan. Ba ta da wani nauyi, amma ƙara gare ta. Duk ramin da kamiyo, wato motar kayan da muka hau, ya faɗa sai ta yi ƙwaram-ƙwaram, mutane su juyo su dube ni. Wani Bazabarme da muke zaune gwiwa da gwiwa a kan buhunan gero ya ce, "Abokina, kai mawaƙi ne?" Na ce masa ni ɗan aike ne, aiken ma na kyauta.

Kaset-kaset ne cike da ita. Wanda bai ga zamanin ba sai an yi masa bayani. A shekarun casa'in babu wayar hannu, kuma a unguwarmu ta bakin tabki a Madarumfa masu iya rubuta wasiƙa ba su da yawa. Wanda ya iya ɗin ma bakinsa ba ya riƙe magana. Sai mata suka samo hanyarsu. A aro manyato, rediyon nan mai cin kaset, a sayo pil, wato batir, mace ta shige ɗaki ta ja ƙyaure, ta yi wa mijinta ko ɗanta magana har ta gaji. Duk wanda zai tafi Aljeriya shi za a ɗora wa. Da aka ji zan bi yayana Lawali, wanda ya daɗe a garin Gardaya yana aikin gini, sai gidanmu ya koma tasha. Har daga Gabi da Ɗan Issa aka aiko. Kowace mace ta yagi ƙyalle a gefen zanenta ta ɗaure nata, don mai shi ya gane ko ba a rubuta komai ba. Na Inna da baƙin saƙi aka ɗaure shi.

A takarda sunana Mahaman Sani, amma a gida Nomau ake ce mini, don ana tsakiyar noma aka haife ni.

Direban da ya ɗauke mu daga Assamaka, har gobe Allah ya isa tsakanina da shi. Ya karɓi kuɗin Tamanrasat cif, da hantsi ya sauke mu a bayan wani dutse, ya yi nuni da leɓe ya ce gari na nan bayan tudun can, shi ba ya shiga saboda jandarmomi. Muka hau tudun muka sauka, muka tarar da wani tudun. Muka hau wannan ma. Rana ta take, ruwana ya ƙare, harshena ya kumbura har ba na iya zagin direban a fili, sai a zuci. Bazabarmen nan ne ya riƙa tsiyaya mini ruwa a murfin bidonsa, 'yar jarkarsa ta ruwa, ya ba ni murfi ɗaya ya sha ɗaya, har muka hango gine-gine. A Tamanrasat muka rabu, ban ko tambayi garinsu ba. Allah ya saka masa da alheri inda duk yake.

A can na sauka wajen wani mutumin Tasawa mai saukar da baƙi, na yi ɗaukar bulo na ɗan lokaci don in haɗa kuɗin mota. Ranar da zan wuce ya kira ni gefe.

Ya ce, "Yaro, arewa wuta ake yi. Ana yanka mutane a kan hanya, ana tada bam a kasuwa. Ka aske ɗan gemun nan. In ka yi salla ka fice, kada ka tsaya hira a ƙofar masallaci. Kuma me ke kuka a jakarka?"

Na buɗe masa. Ya riƙe baki.

"Zuba su a masai."

Na ce, "Haba Alhaji! Amanar mutane? Muryar uwata zan zuba a masai?"

Ya ce, "To bar su a nan."

Na ce in na bar su da wane ido zan dubi mazan da suka shekara ba su ji muryar gida ba? Ni a lokacin akwai taurin kai, in na kafe ko jaki ya sallama mini. Ya girgiza kai ya ƙyale ni. Ya dai gaya mini inda zan samu Lawali: akwai wani dandali a gefen kasuwar Gardaya, nan baƙaƙen fata ke zama kowace safiya suna jiran masu ɗaukar leburori, kuma mutanen wajenmu gida ɗaya suke kwana a bayan gonakin dabino. Ya ce babu mai takarda a cikinsu ko mutum ɗaya.

Na aske gemun, na hau bas. Shingaye kam mun wuce su ba iyaka, sojoji su leƙo, su duba fuskoki, su ce a tafi. Har na fara yi wa Alhajin Tasawa dariya a raina. Muna dab da Gardaya, da la'asar sakaliya, aka sake tsayar da mu. Waɗannan ba kaki a jikinsu. Riguna ne irin na kowa, sai baƙar hular saƙa da ta rufe fuska duka, ido kawai ake gani. Bas ɗin ya yi tsit, matar da ke kusa da ni ta fara salati ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya bi layi yana taɓa kaya da bakin bindiga. Ya taɓa jakata, ta yi ƙwaram.

Suka sauke ni. Ya zaro kaset ɗaya mai jan ƙyalle, na Rabi matar Isuhu maƙwabcinmu, ya cusa a rediyon motarsu. Muryar Rabi ta fito tana gaisuwa, siririya, tana jin kunya. Na ji sanyi a raina, na ce to ga shi sun ji da kunnensu. Sai ya danna ya tura gaba, ya saki.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wani malami ne ya fashe da ihu, yana jawo aya da Larabci, jama'a na amsawa da kabbara har lasifika na rawa.

Ni na san abin da ya faru, amma da wane baki zan faɗa? A garinmu wa zai sayi sabon kaset don gaisuwa? Tsofaffi ake nema. Kuma tsofaffin da suka fi yawa a gidaje na wa'azi ne, waɗanda 'yan kasuwa ke shigowa da su daga Jibiya da Katsina. A toshe 'yar kafar da ke gefen kaset ɗin da takarda, a ɗauki magana a kai. In mace ta gama nata ta kashe, abin da ke ƙasa sai ya ci gaba daga inda ta tsaya. Ba wanda ya taɓa damuwa, wasu ma cewa suke albarka ce, mutum ya ji gida ya kuma ji wa'azi.

Ban ga lokacin da aka juya mini hannu baya ba. Aka zura mini buhu a kai, aka jefa ni a ƙasan mota, wani ya ɗora takalminsa a wuyana. Na ji bas ɗinmu ya tashi ya tafi.

Ɗakin da aka kai ni a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, sai ƙwan lantarki da ba a kashewa. Ban san dare ba ban san rana ba, salla ma da ka nake yin ta, da taimama a bango. Tsoro irin wanda na ji a nan ban taɓa sanin akwai shi ba. Ko takun mutum na ji a waje sai fitsari ya kama ni. Ta bangon dama ana jin wani yana kuka da Larabci yana kiran uwarsa, babban mutum da muryarsa. In ya yi shiru sai in fi tsorata. Nakan rufe ido in ga tabkinmu da safe, masunta na tura jirage, Inna na ban ruwa a lambu da gwangwani, in buɗe in ga bango.

Da suka tashi yi mini tambaya sai aka hau da ni bene, aka cire buhun. Ofis ne sosai, da tebur da labule. Mutumin da ke zaune ba zai wuce sa'an Lawali ba, fari siriri, da tabon ƙuna daga kunne zuwa wuya. Kumandan suke ce masa. An jera kaset-kaset ɗina a gabansa, kowane da ƙyallensa. A gefe kuma wani tsoho baƙi na tsaye da rawani.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Sannu ɗana. Daga wace ƙasa?"

Hausa! Wallahi sai da hawaye suka zubo mini. Na ce, "Baba, daga Madarumfa, ƙasar Maraɗi."

Ya ce sunansa Bilal, shi ne tafinta. Uwarsa mutuniyar Damagaram ce, ayari ya kawo ta tun tana yarinya, a bakinta ya sha Hausa. Ya ce, "Abin da ya faɗa zan faɗa maka, abin da ka faɗa zan faɗa masa. Ba na ƙari, ba na ragi. Ka auna maganarka."

Kumandan ya tambayi wanda ya ba ni. Na ce matan unguwarmu. Ya tambayi wanda zan kai wa.

Har na buɗe baki. Ina ganin ai gaskiya ce za ta fid da ni: ga yayana, ga gidan da suke, ku je ku tambaye su. Sai kukan mutumin nan na ƙasa ya faɗo mini a rai. Na ga Lawali da buhu a kai. Na ga Isuhu, da 'yan Gabi, da duk mazan da matansu suka yagi zane suka ba ni, an jera su a ɗakunan nan saboda jakar da ni na ƙi zubarwa. Ba su da takarda, ba su da mai tambayar inda suke. In na faɗi gidan nan, na kashe su da bakina. In ban faɗa ba, ni ne ba zan fita ba.

Na ce, "An ce mini in na iso zan gamu da su. Ban san gida ba."

Bilal ya ɗan dube ni kafin ya juya maganar. Kumandan ya miƙa hannu ya ɗauki mai baƙin saƙi, ya sa a manyato.

"Salamu alaikum. Kai, yaron nan, ni ce. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Ruwan tabki ya ja baya bana, mun dasa albasa har wajen da kuke jefa fatsa da. Jar akuyar nan ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Ga ƙanenka nan na turo maka. Ka san halinsa, bakinsa ya fi shi girma, ka riƙe shi da kyau. In ka samu ka zo gida, in ba ka samu ba ma ka zo. Idona ya fara yana, ina so in gan ka tun ina gani."

Ana jin zakaranmu yana cara a bayanta. Sai ƙarar maɓalli, sai malami ya ɗora da ihunsa. Na sunkuyar da kai ina kuka kamar yaron goye, ban ji kunyar kowa ba.

Kumandan ya ce, "Sunan wa ta kira?"

Bilal ya ce ba ta kira suna ba.

"Uwa ba ta san sunan ɗanta ba?"

Na ce, "Baba, gaya masa ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce."

Kumandan ya sa na Rabi. "Malam" take cewa daga farko har ƙarshe. Ya sa wani, "Maigida". Wani kuma "Kai ɗin nan". Na ce mace ba ta faɗin sunan mijinta. Bilal ya ƙara da cewa gaskiya ne, shi ma bai taɓa jin uwarsa ta kira ubansa da suna ba. Aka sa ya fassara wa'azin. Malamin farko masu tauye tiya a kasuwa yake yi wa faɗa. Na biyu masu bin bokaye. Na uku kuwa, don rashin sa'ata, shugabanni azzalumai ya sa a gaba, yana cewa wuta na jiransu.

Kumandan ya jingina da kujera ya yi magana a hankali, Bilal na juyawa.

"Jaka guda ta kaset. Babu suna ko a ɗaya. Kowane da alama mai launi daban. Kowane da muryar mace a sama, huɗuba a ƙasa. Mai ɗauke da su ya aske gemu kwanan nan, ga shacin nan a haɓarsa, kuma bai san inda zai kai su ba. In kai ne a kujerar nan, me za ka ce?"

Wallahi da ni ne a kujerar, abin da ya ce shi zan ce. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Ya taɓa tabon wuyansa ya ce, "Wannan a kasuwa na same shi, ina sayen tumatir. Yaron da ya ajiye jakar, da kaset aka fara da shi. Ni ba na raina kaset."

Abin da aka yi mini bayan nan a ɗakin ƙasa ba zan zayyana shi ba. Kunnena na hagu dai har yau sai an ɗaga murya. Tambaya ɗaya ce ake maimaitawa, ina gidan yake, amsa ɗaya nake bayarwa. Kada wani ya ɗauka jarumta ce. Sau da yawa sunan unguwar ya zo mini har bakin haƙora, sai in tuna Inna ta ce a riƙe ni da kyau, in ce to in an kama mu duka biyu wa zai koma mata?

Bilal ne ke kawo mini burodi da romon wake wani lokaci, ya tsuguna a bakin ƙofa har in gama. Ran nan na ce, "Baba, su wane ne mutanen nan? Sojoji ne?"

Ya ce, "'Yan sanda ne, amma ba irin na kan titi ba. Ni na san gidan nan tun yana ɗaki biyu da tsohuwar mota ɗaya. A da aikinsu su san baƙon da ya shigo gari, da ɗalibin da ya cika surutu, da mai fasa-ƙwaurin taba. Wata sai ya wuce ba a neme ni ba, in an neme ni ma rigimar raƙumi ce. Da ƙasa ta rikice aka fara harbe 'yan sanda a ƙofar gidajensu, gaban 'ya'yansu, sai aka tsinto mutane daga ko'ina aka zuba a nan. Aka cire musu kaki, aka rufe musu fuska, aka haƙa ɗakunan nan na ƙasa. Mutanen gari Masu Saurare suke ce musu. Suna da kunne a wajen mai shayi, da cikin taksi, da sahun masallaci."

Na ce, "To su saurara mana su ji ni ba kowa ba ne."

Ya ce, "Ɗana, kama mutum ba shi ne babban aikinsu ba. So suke su san wa mutum ya sani, shi kuma wa ya sani, har su kai ga mai haɗa bam kafin ya kai shi kasuwa. Kuma suna kaiwa, na gani da idona, an tsare mota cike da mutuwa a bakin makaranta. Amma kafin su kai ga ɗaya, Allah kaɗai ya san irinka nawa suka bi ta kansu. Su ma a tsorace suke. Kumandan ba ya kwana gida ɗaya sau biyu a jere."

Na ce, "Akwai wanda ke fita daga nan?"

Ya ɗauki kwanon ya ce, "Akwai."

Wata safiya aka hau da ni bene ba buhu. Kumandan har da murmushi. Ya ce sun bincika, sun gane kuskure ne, in yi haƙuri, yanayin ƙasa ne ya kawo haka. Ya turo mini jakata. Kaset-kaset ɗin duk suna ciki, an mayar wa kowane ƙyallensa. Ya ce in je in isar da saƙon mutane, za su ma rage mini hanya zuwa kasuwa.

Kai, na yi murna! Na durƙusa ina godiya, ina sa masa albarka, har ina cewa Allah ya kare shi. Na ga kaina zaune da Lawali muna shan shayi ina ba shi labari.

Bilal ya raka ni famfon tsakar gida in wanke fuska. Ya riƙe mini buta, ya sunkuyo kamar mai zuba ruwa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Duk wanda ka gaisa da shi yau, a ɗakin da ka fito zai kwana."

Ruwan na zuba a hannuna, na kasa kai shi fuska.

"Kada ka waiwaya, kada ka yi gudu. Tashar kudu tana ƙarshen titin kasuwa. Na sa maka kuɗin mota a aljihun jaka. In ka je Damagaram wata rana, ka yi wa uwata addu'a." Ya ɗaga murya ya ce wani abu da Larabci kamar yana yi mini tsawa, ya juya ya tafi.

Ba su sauke ni ko'ina ba sai a bakin dandalin nan da Alhajin Tasawa ya kwatanta mini. Sun san nan baƙaƙe ke zama, fuska kawai suke so in nuna musu. Motar ta wuce. Wani mai jaket ruwan toka da jarida a hammata ya tsaya yana kunna taba a bayana kaɗan. Wani kuma na jingine da babur a tsallaken titi.

Hantsi ya fito, dandali cike. Maza zaune a gefen titi, kowa da shebur ko cokalin gini a gabansa. Hausa nake ji ta ko'ina, Hausar gida, har wani na zagin wani da irin zagin bakin tabki. Na ja rawanina na rufe hanci, na matse jakar a hammata don kada ta yi kuka, na sa ido a kan kwalta. Na wuce Isuhu yana ɓare gyaɗa, kaset ɗin matarsa na jikin haƙarƙarina. Na wuce wasu samari biyu 'yan Gabi. Ba wanda ya ɗago.

Na kusa fita daga cikinsu ke nan na gan shi. Yana zaune a kan bulo da kofin shayi, ya rame, furfura ta fito masa a gefen kai. Ni na rufe fuska, amma mutumin da ya goya ni a bayansa ba ya bukatar fuska, tafiyata ta ishe shi. Ya ajiye kofin ya miƙe.

"Nomau?"

Na ci gaba da tafiya.

"Nomau! Kai, Nomau!"

Muryar nan ta shige ni har ƙashi. Tunda aka haife ni ban taɓa jin kiran Yaya na ƙi amsawa ba. A garinmu ko maƙiyinka ka gani a baƙon wuri sai ka tsaya kun gaisa, balle wanda kuka sha nono ɗaya. Na zo daidai da shi, in na miƙa hannu zan taɓa rigarsa, har warin siminti na ji a jikinsa. Na dubi gabana kamar kurma na wuce. A zuci ina cewa, Yaya don Allah zauna, don Annabi zauna, dubi bayana.

Na ji takunsa ya biyo ni. Ya fara kira kuma, "Nom..." sai ya yanke.

Ban san abin da ya gani ba, ko mai jaket ɗin ne, ko kumburin kunnena, ko yadda nake jan ƙafa. Wani daga cikin mazan ya ce, "Lawali, wane ne?"

Sai na ji Yaya ya yi dariya, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Kai, ba shi ba ne. Kama ce kawai. Ƙanena yana gida wajen tsohuwa."

Na ji ya koma ya zauna. Wata motar ɗaukar leburori ta tsaya, maza suka ruga kanta da hayaniya, ni kuwa na miƙe titin nan hawaye na jiƙa rawani, ban share ba don kada a ga hannuna ya motsa. Mai jaket ya bi ni har tasha. Ya zauna a benci yana kallona ina jiran bas, yini guda, ko ruwa ban saya ba don kada in yi wa wani magana. Da bas ya tashi na gan shi ya jefar da guntun tabarsa ya juya.

Ban yarda na tsira ba sai da na ga tutar ƙasarmu a Assamaka. Ko a Tamanrasat ban je wajen Alhajin Tasawa ba, a tasha na kwana, ina tsoron in ja masa.

Na iso Madarumfa ana girbin gero. Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince zogale, sai da na yi magana ta gane ni. Ta shafa fuskata, ta shafa kunnen, ba ta tambayi abin da ya same shi ba.

Ta ce, "Ka gan shi?"

Na ce, "Na gan shi, Inna."

"Ya rame?"

"Ya ɗan rame. Amma yana tsaye da ƙafafunsa."

"Me ya ce a gaya mini?"

Na zauna a ƙasa na ba ta labari tun daga shingen har dandali. Ta saurara, hannunta cikin ƙwarya. Can ta ce, "An taɓa shi?"

Na ce, "Ba a taɓa kowa ba."

Ta ce, "To Alhamdulillahi," ta ci gaba da tsince ganyenta, hawaye na ɗiga a ciki.

Daga baya waɗanda suka dawo sun tabbatar mini ba wanda aka kama a gidan nan. Isuhu ya dawo, 'yan Gabi sun dawo. Lawali ya yi ta cewa sai baɗi, sai baɗi, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi a can, aka binne shi a bayan gonakin dabino. Ban ƙara ganinsa ba bayan safiyar nan. Maganar ƙarshe da na ji daga bakin yayana ita ce ba ni ba ne.